Waƙar Jingle Bells: ta coci ce ko ta 'yan kilisa?

Maman Ikilima:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah masu sani su taimaka. Tun da hunturun nan ya kama, 'yata mai shekara 5 ba ta da abin rerawa sai "jingul bel, jingul bel". Da safe ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa tana yi, da dare ina tuƙa tuwo tana bayana tana yi. Da na bi diddigi sai na gano wata 'yar wayar roba ce da kawunta ya sayo mata a kasuwa, in an danna maɓalli ɗaya ta yi kukan kyanwa, in an danna na biyu sai wannan kiɗa. Kalmomin kuma a bakin 'yan ajinsu ta tsinta. Jiya surukata ta ji, ta ce a karɓe wayar, waƙar coci ce. Ni ba na so in raba yarinya da abin wasanta a kan zato, ba na kuma so in tsallake maganar Hajiya. Me waƙar nan take cewa ne, kuma wa ya yi ta?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Maman Ikilima, Hajiya ta yi gaskiya. Waƙar Kirsimeti ce, kowa ya sani. Ki cire batirin kawai, yara ba sa daɗewa suke mantawa.

Ladi 'yar Wusasa:
Baban Sadik, da girmamawa, bari in ɗan gyara. Ni Kirista ce, a coci na tashi, mahaifiyata ta fi shekara 20 a cikin Zumuntar Mata. Ban taɓa ganin an miƙe ana tsakiyar sujada an rera wannan waƙa ba. Waƙoƙinmu na ranar Kirsimeti maganar haihuwar Yesu Almasihu suke yi, da makiyaya, da Baitalami, da tauraro, yawancinsu da Hausa, mata na buga tulu suna kaɗa caki. Ita wannan a shago nake jin ta, da jikin fitilun ado masu walƙiya, da ranar bikin rufe makarantar yara. Akwai ma dattawanmu da ba sa ƙaunarta ko kaɗan, suna cewa ita da tsohon nan mai jan kaya da farin gemu sun ɗauke hankalin yara daga ainihin ranar.

Malamin Kiɗa:
Salamu alaikum. Ladi ta faɗi daidai. Ina koyar da kiɗa, kuma duk shekara sai na sa ɗalibaina sun karanta baitocin waƙar nan huɗu daga farko har ƙarshe, domin yawancin mutane baiti ɗaya da amshi kawai suka sani. Maman Ikilima, ga abin da ke ciki.

Babu kalmar Kirsimeti a cikinta ko sau ɗaya. Babu sunan Allah, babu na annabi, babu coci, babu ma watan Disamba. Magana ce a kan wani irin amalanke marar taya, wanda ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, doki ɗaya na jan sa, samari na ciki suna ta dariya, ƙararrawar da ke jikin kayan dokin tana kaɗawa. Baiti na farko ke nan, wanda kowa ya sani.

A na biyu saurayin ya ɗauko wata budurwa ta zauna kusa da shi. Dokin nasa ramamme ne, ya afka cikin tudun ƙanƙara, amalanken ya kife da su. A na uku saurayin ya fita a ƙafa, santsi ya kwashe shi ya faɗi rigingine, wani ya zo wucewa a nasa amalanken, ya kalle shi ya tuntsire da dariya ya yi gaba abinsa. Na huɗu shawara ce ga matasa: ku ji daɗi tun kuna da ƙuruciya, ku ɗauko 'yan mata a daren nan, ku nemi jan doki mai guntun bindi mai gudu, ku tsula masa bulala ku wuce kowa.

Wanda ya rubuta ta sunansa James Lord Pierpont, an haife shi a Boston a 1822. An buga ta a 1857, kamfanin Oliver Ditson na Boston ne ya fitar da takardar, kuma sunanta na farko The One Horse Open Sleigh, wato buɗaɗɗen amalanke mai doki ɗaya. Sai a 1859 aka sake buga ta da sunan da muka sani yanzu.

Mai Bikili:
La ilaha illallahu! Malam, ai wannan kilisa ce ƙarara. Wallahi ina karantawa ina ganin yaran unguwarmu ranar Juma'a da yamma. Yaro zai yi mako yana tara kuɗin hayar doki, ya ari jalala a nan, ya ari linzami a can, ya ɗaura rawani, ba don komai ba sai don ya bi ta ƙofar gidan su wance ta gan shi. Kuma a daidai ƙofar gidan ne doki zai yi tutsu ya yar da shi, abokai su taru suna dariya kafin wani ya tuna ya ɗaga shi. Ramammen doki, faɗuwa a gaban budurwa, tsere da abokai, babu abin da marubucin nan ya bari. Jan dokin da ya ambata kuwa, in mai baƙin geza da baƙin bindi yake nufi, shi muke kira bikili, irinsa ne ma a ɗaure a gidanmu yanzu haka. Sai dai ban gane dalilin guntule bindi ba, mu a wajenmu bindi ai ado ne.

Malamin Kiɗa:
Mai Bikili, shi ɗin yake nufi. Bindin kuma suna rage shi ne saboda mai tuƙi a bayan doki yake zaune, igiyoyin linzami suna bi ta kan gadon bayansa, in bindi ya yi tsawo sai ya harɗe da su. Akwai ma abin da zai fi burge ka. A baiti na ƙarshe ya faɗi gudun dokin da lamba, 2:40. Ma'ana doki ya cinye mil ɗaya, kilomita 1.6 ke nan, a minti 2 da daƙiƙa 40. In ka lissafa ya kai kusan kilomita 36 a awa, kuma ba da sukuwa ba, da sassarfa, yana jan kaya da mutane. A zamanin wannan lamba abin taƙama ce, kamar yadda yaran yanzu ke faɗin abin da allon gudun babur ya nuna.

Mai Bikili:
Kilomita 36 da sassarfa, da amalanke a baya? Wannan doki ya ci hatsi.

Anti Nas ta Boston:
Sannunku 'yan gida. Na tashi daga aikin dare na tarar ana maganar garinmu na zama, ba zan iya yin shiru ba. Shekarata 9 a nan. Abin da wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba zai sha wuyar ganewa shi ne shirun da take kawowa. Daren da ta zuba sosai, in ka fito da asuba, garin kamar an lulluɓe shi da auduga. Motar da ke tahowa a bayanka ba ka jin ta sai ta zo daf. To ku ɗauka babu inji, babu taya, ƙarfe ne kawai ke sulɓi, kofaton doki ma ya nutse a cikin laushi. Mutum zai iya fitowa daga kwana a take shi bai ji komai ba. Shi ya sa ake rataya wa doki ƙararrawa. Aikinta ɗaya da ƙararrawar mai keke a lungu. Har yau akwai doka a littafin dokokin jihar Massachusetts da ta ce kada wanda ya hau hanya da irin wannan amalanke sai da ƙararrawa aƙalla 3 a jikin kayan dokin.

Akwai wani gari kusa da mu, Medford, na je can da yarana. A titin High Street an kafa allo da ke cewa a nan Pierpont ya rubuta waƙar a 1850, a wata mashaya da ake kira Simpson Tavern, bayan ya ga tseren amalanke da samari ke yi a titin Salem. To mutanen Savannah a jihar Jojiya, can kudu, su ma sun kafa nasu allon, suna cewa tasu ce, domin mutumin ya zauna a can yana kaɗa ogan, abin kiɗa mai kama da piyano, a cocin da ɗan'uwansa yake limanci. Garuruwa biyu sun daɗe suna ja-in-ja a kan haka, alhali Savannah ƙasar zafi ce, ƙanƙara ba ta cika zuba ba.

Kwamared:
Anti, ku yi haƙuri, amma ina ganin an tsallake babban abu ana ta maganar doki. Malamin Kiɗa, ka faɗa wa jama'a inda aka fara rera waƙar nan da kuma wanda ya rera ta. Ka kuma faɗa musu ɓangaren da Pierpont ya yi wa yaƙi. Mu baƙar fata wannan ya fi shafar mu fiye da ko ta coci ce ko ba ta coci ba.

Malamin Kiɗa:
Kwamared, ban ɓoye ba, tambayar Maman Ikilima na fara amsawa. Amma ka yi daidai da ka tayar da maganar, ga ta.

Wata malama a Jami'ar Boston, Kyna Hamill, ta shiga binciken rigimar da Anti ta ambata, tana so ta gano wane gari ne mai gaskiya. Abu na farko da ta tarar shi ne allon Medford ba zai yiwu ya zama daidai ba, domin a 1850 Pierpont yana Kalifoniya, ya bi ayarin masu neman zinariya, ya bar mata da 'ya'ya a gida. Bai samu komai ba, ya dawo hannu rabbana. Labarin da ake yawan bayarwa cewa ya rubuta ta ne domin yaran makarantar Lahadi su rera a bikin godiya, shi ma ba ta samu takardar da ta goyi bayansa ba.

Abin da ta samu shi ne takardar tallan wasa. Ranar 15 ga Satumba 1857, a wani gidan wasa da ake kira Ordway Hall a Boston, wani ɗan wasa mai suna Johnny Pell ya rera ta a gaban jama'a. Gidan kuwa na wasan minstirel ne. Wanda bai san shi ba, wasa ne da fararen fata ke shafa baƙi a fuska, su zana leɓe manya, su hau dandamali suna kwaikwayon maganar baƙar fata da tafiyarsu da rawarsu, 'yan kallo na dariya. A lokacin miliyoyin baƙar fata suna cikin bauta a kudancin ƙasar. Waƙoƙin amalanken ƙanƙara suna tashe a irin waɗannan gidaje, kuma abin dariyar shi ne a nuna baƙin mutum bai iya da ƙanƙara ba, yana ta kifewa. A kan takardar waƙar ta 1857 an rubuta sadaukarwa ga John Ordway, mai gidan wasan. Hamill ta wallafa binciken a 2017.

Sai maganar yaƙi. Mahaifin marubucin waƙar, John Pierpont, limamin coci ne da ya yi suna wajen yaƙi da bautar da mutane. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, tsohon, yana da shekara fiye da 70, ya bi rundunar Arewa a matsayin limamin sojoji. Ɗan kuwa ya riga ya auri 'yar wani babban mutum a Savannah, Thomas Purse, wanda ya riƙe muƙamin magajin garin. Ya shiga rundunar dawakai ta Kudu, masu yaƙi don bauta ta ɗore, har ya rubuta musu waƙoƙin zuga. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya rasu a Filorida a 1893.

Kwamared:
To kun ji. Mutumin da ya ɗauki makami don kakannin baƙar fata su ci gaba da zama dukiyar wani, waƙar da aka fara rerawa da baƙin fenti a fuska, ita muke saya wa 'ya'yanmu da kuɗinmu a cikin wayar roba. Ni wannan ya ishe ni hujja. Ba zan hana kowa ba, amma a gidana ba za a yi ta ba. Kuma akwai makarantar firamare a jihar New York da ta cire ta daga waƙoƙin yara a 2021 saboda wannan tarihi, su da suke da ita ma ke nan.

Anti Nas ta Boston:
Ƙanena Kwamared, na fahimci zafin da kake ji, ni da nake zaune a cikinsu na fi ka jin sa a jiki. Amma bari in faɗa maka abin da idona ya gani. A sashen da nake aiki akwai tsofaffi baƙaƙen Amurka, jikokin waɗancan bayin, wasunsu mantuwar tsufa ta kama su har ba sa gane 'ya'yansu. In Disamba ta zo aka sa kiɗan nan, sai ka ga tsohuwar da ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba tana motsa baki tana buga yatsa a kan bargo. Ba Pierpont take tunawa ba, ɗakin uwarta take tunawa. Ba ni da zuciyar da zan ce mata waƙar nan ba taki ba ce.

Ita ma malamar da ta yi binciken ta sha wahala a kansa. Wasu kafafe suka juya maganarta, suka ce ta ce a haramta waƙar, aka yi ta aiko mata da zagi da barazana. Ita kuwa ta fito ta ce ba ta nemi kowa ya daina rerawa ba, inda aka fara rera ta kawai ta nuna.

Kwamared:
Anti, na ji, kuma labarin tsohuwar ya taɓa ni. Amma ita tana da dalili, da ita ta girma. Ikilima a Kaduna wane dalili gare ta? Ba ta taɓa ganin ƙanƙarar nan ba sai ta cikin firij.

Baban Sadik:
Na karanta duka, na kuma ƙaru, Allah ya saka wa Malam da alheri. Na janye cewa ta coci ce, Ladi ki yafe ni. Amma ban janye shawarata ba, ga dalili. Abu ba kalmominsa kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye shi. Wa ya taɓa jin an sa waƙar nan a watan Mayu? Ba a fito da ita sai lokacin bikin ya matso, tare da bishiyar ado da jar hula. Ko marubucin bai yi niyya ba, duniya ta riga ta ɗaura mata wannan rawani. Yaro ɗan shekara 5 ba baiti na huɗu yake gani ba, abin da ke kewaye da waƙar yake gani.

Malamin Kiɗa:
Baban Sadik, wannan hujja ce mai nauyi, ba zan musa ta ba. Gaskiya ne ta zama alamar lokacin. Abin da zan ƙara kawai shi ne yadda aka yi ta zama haka, domin ba a rana ɗaya ba ne, kuma ba coci ce ta yi aikin ba, kasuwa ce.

A rayuwar Pierpont waƙar ba ta yi wani tashe ba, bai kuma yi arziki da ita ba, duk da cewa ɗan 'yar'uwarsa shi ne J. P. Morgan, attajirin bankin nan. Amshin da ya rubuta ma ba shi muke yi yau ba. Nasa ya fi wuya, yana hawa yana sauka. A hankali masu rerawa suka goge shi har ya koma mai sauƙin da muka sani. An fara naɗar ta a na'urar Edison a 1889, wannan ya ɓata, wanda ya fi tsufa cikin waɗanda suka rage na 1898 ne. Sai zamanin rediyo da faifan garmaho. Benny Goodman ya kaɗa ta a 1935, Glenn Miller a 1941, sannan Bing Crosby da 'yan matan Andrews Sisters suka naɗe ta a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka sayi faifan fiye da miliyan ɗaya. Kamfanonin faifai suna neman abin da za su sayar a ƙarshen shekara, a wajensu kuma ƙarshen shekara lokacin ƙanƙara ne, sai duk waƙar da ta ambaci ƙanƙara aka zuba ta a kwando ɗaya da na bikin.

Dalilin da ya sa ta shiga wayar Ikilima kuwa biyu ne. Na ɗaya, amshin gaba ɗayansa a kan sauti 5 yake, do re mi fa so, yatsun hannu ɗaya sun isa. Gaɓoɓi 7 na farko ma duk sauti ɗaya ne ake maimaitawa. Shi ya sa ita ce kusan waƙar farko da nake koya wa wanda ya zauna gaban piyano, a rana ɗaya yake tashi da ita. Ƙaramin guntun lantarki mafi arha, wanda ba ya iya fitar da sauti biyu a lokaci guda, zai iya kaɗa ta a gane. Na biyu, haƙƙin mallakarta ya daɗe da ƙarewa. Mai masana'anta a ƙasar Sin zai sa ta a wayar roba, da fitilar ado, da ƙararrawar ƙofa, da katin gaisuwa, ba wanda zai biya ko sisi.

Direban Tirela:
Malam, har da motoci. Akwai wata ƙaramar motar ɗaukar kaya a garejinmu, in ta sa giyar baya wannan kiɗan take yi don mutane su kauce. Mai ita alhaji ne, shekara da shekaru yana ja da baya da ita, rani da damina. Sai yau na san sunan abin. Kuma bisa bayanin Anti, ashe aikin ƙararrawar na asali take yi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan wagga waƙa ba da Ingilishi muka san ta ba. A lakwal mushenmu ya koya muna ita da Faransanci, sunanta Vive le vent. Wani Bafaranshe, Francis Blanche, shi ya sa mata kalmomi a 1948, kuma bai fassara ba, sabuwa ya rubuta. Babu budurwa, babu kifewa, babu tsere. Kirari ne ga iskar hunturu da ke busawa cikin itatuwa, da wani tsoho mai sanda, da gaida kaka barka da sabuwar shekara. Mu kuwa muna zaune a aji, buji ya rufe gari, leɓe duk ya tsage, muna rera wa iskar hunturu kirari. Wallahi a zatona don hunturunmu aka yi ta, sai da na girma na je Yamai na ji ta da Ingilishi cikin wani babban kanti.

Ɗalibi a Alƙahira:
A nan ƙasashen Larabawa ma akwai tata. Fairuz, mawaƙiyar Labanan, ta rera ta da Larabci da suna Lailat Id, wato daren idi. Sai dai a nan maganar Baban Sadik ta samu ƙarfi, domin ta Larabcin kai tsaye daren bikin Kirsimeti take nufi. Kiɗa ɗaya ne, kowace al'umma ta zuba abin da take so a ciki. Game da hukunci kuwa, Maman Ikilima, shawarata ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin nan yadda yake, da fassarar baitocin, da lokacin da ake amfani da ita. Nan ba wurin fatawa ba ne, amma mai ba da fatawa ma yana buƙatar a kawo masa hoton abu daidai.

Anti Nas ta Boston:
Kafin in kwanta, ga wani da yarana suka fi so. Ranar 16 ga Disamba 1965, 'yan sama jannati biyu, Wally Schirra da Tom Stafford, suna cikin kumbon Gemini 6 suna zagaya duniya. Suka kira masu kula da su a ƙasa suka ce sun hango wani abu yana tafiya daga arewa zuwa kudu, matuƙinsa sanye da jan kaya irin na tsohon nan mai farin gemu na Kirsimeti. Kafin a gama mamaki sai aka ji kiɗan waƙar nan ta rediyo. Ashe sun ɓoye ɗan ƙaramin abin busa, hamonika, wanda bai wuce gaɓar yatsa ba, da 'yan ƙararrawa a zare, sun shiga da su kumbon. Schirra na busa, Stafford na kaɗawa. Kayan suna gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington.

Ladi 'yar Wusasa:
Baban Sadik, babu komai wallahi, ni ma na ƙaru da maganarka. Kwamared, kai kuma ka sa ni tunani tun ɗazu. Ina koyar da 'yan aji biyu, kuma ni nake shirya su ranar rufe makaranta. Shekara 6 ina sa su wannan waƙa, suna kaɗa murafan kwalba da muka fasa muka zura a waya. Ban san da maganar shafa baƙi a fuska ba sai yau. Ba zan ce na yanke shawara ba tukuna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayarka, wane dalili yaranmu suke da shi. Ina da waƙoƙin gaɗa a kaina da kakata ta koya mini a dandali, ban taɓa kai ko ɗaya aji ba, saboda ba sa cikin abin da iyaye ke tafawa in sun zo biki.

Kwamared:
Malama Ladi, in kin kai su aji ki sanar da mu, ni zan sayi kalangu in aiko.

Maman Ikilima:
Jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bayan sallar isha'i na zauna na karanta wa Hajiya bayanin Malam, baiti bayan baiti. Ta yi shiru tana jan carbi har na kai wurin ɗauko 'yan mata da dare. Sai ta ce, "To ashe waƙar zance ce. Wannan ma ai ba ta 'yar shekara 5 ba ce." Da na karanta mata na Kwamared kuwa, ranta ya ɓaci sosai, ta tambaye ni sau biyu ko da gaske uban yana wancan ɓangare ɗan yana wannan. Ba ta sake cewa a karɓe wayar ba, ba ta kuma ce a bar ta ba. Ta dai kira Ikilima ɗakinta, na jiyo su tana koya mata tafi irin na gaɗa, yarinyar tana kuskurewa suna sakewa. Ranar Asabar zan je wajen malaminmu na Islamiyya da bayanin kamar yadda ɗan'uwa na Alƙahira ya ce.

Mai Bikili:
Anti Nas, in kin tashi daga barci, don Allah wata alfarma. In kin sake zuwa Medford ɗin nan ko wani gidan tarihi, ki ɗauko mini hoton ƙararrawar a jikin kayan doki, kusa-kusa yadda zan ga ɗinkin. Ina so in ga ko a wuya suke ɗaura ta ko a majanyin ciki, da irin fatar da suke amfani da ita. Akwai baduku a unguwarmu da in ya ga hoto sau ɗaya zai fitar da irinta.